Jirgin Sala: matuƙi za a kama da laifi ko masu jirgi?

Malamin Lissafi: Jama'a, ni dai ra'ayina bai canja ba. Idan jirgi ya tashi da matsala, matuƙi ne mai laifi. Ku ɗauki haɗarin da ya kashe ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala, wanda jirginsa ya faɗa teku ranar 21 ga Janairun 2019. David Ibbotson, wanda ya tuƙa ƙaramin jirgin nan Piper Malibu daga Nantes ta Faransa zuwa Cardiff ta Birtaniya, da bakinsa ya gaya wa abokinsa ta waya cewa ya ji wata ƙara a tsakiyar teku lokacin da yake zuwa Nantes, jirgin ba abin yarda ba ne, har ya ce da rigar ceto a jikinsa zai dawo. Mutum ya san haka, ya ɗauki ɗan mutane cikin dare ya tashi. Wa ya ɗora masa bindiga?

Tsohon Bakanike: Malam, a takarda ka yi gaskiya. Jirgin rajistar Amurka gare shi, kuma dokarsu ta ce matuƙi ke da magana ta ƙarshe. Amma dokar nan dai ita ce ta ɗora wa mai jirgi ko mai gudanar da shi alhakin kula da lafiyarsa. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Birtaniya ta ce mai yiwuwa bututun salansa ne ya samu matsala daidai inda hita ke ɗaukar zafi, iskar kabon monoksaid ta kwararo cikin jirgin. Ita ce wadda janareta ke kashe mutane da ita a ɗaki, ba launi ba wari. Ma'aunin gubar a jinin Sala ya kai kashi 58 cikin 100. Irin wannan tsagewa ba a ganinta da zagaya jirgi da tocila kafin tashi, sai an kwance an gwada. Kuma jirgin ƙirar 1984, babu na'ura mai ƙara da za ta yi gargaɗi.

Malamin Lissafi: Baba, ban musa ba. Amma ƙarar da ya ji fa? Ita ma ba ta da launi?

Ɗan Tamaula: Ni abin da ke ci mini rai, ɗan wasan da ƙungiyar Cardiff ta saya fam miliyan 15 aka saka a wannan akwala. Shi kansa ya aika wa abokansa saƙon murya yana cewa jirgin kamar zai wargaje.

Uwar Biyu: Malam, kana magana kamar ba ka san cin abinci a hannun wani ba. Mijina ya yi shekaru yana jan motar wani Alhaji. Ka ce birki ya yi sanyi, a ce lallaɓa ka kai ka dawo, gobe a duba. Ka ƙi, da yamma makulli na hannun wani. Matuƙin babban kamfani yana da ƙungiya da ofishin da zai kai ƙara. Na ƙaramin jirgin shata ba shi da kowa sai wanda ke kiransa a waya ya ba shi aiki.

Malamin Lissafi: Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya, amma Ibbotson ba da tuƙi yake ci ba, sana'arsa gyaran kayan gas ce. Ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi, ba shi da izinin tashin dare, izininsa na tuƙa irin wannan jirgi ma ya ƙare. Da safe aka tsara tafiyar, aka mayar da ita dare. Nan ne ya kamata ya ce a nemi wani.

Lauyan Unguwa: Ku duka kuna cewa "mai jirgi" kamar mutum ɗaya ne, alhali a nan gizo ke saƙa. Matar da kamfaninta ya mallaki jirgin ta shaida wa kotu cewa tun kafin haɗarin ta ce kada a sake ba Ibbotson jirginta, bayan an kawo mata ƙorafin ya keta dokar sararin samaniya. Wanda ke gudanar da harkar jirgin, David Henderson, shi ya yi biris ya kira Ibbotson. A 2021 kotu a Cardiff ta samu Henderson da laifin jefa jirgi cikin haɗari, ta ɗaure shi wata 18. An kuma karanta saƙonnin da ya aika bayan faɗuwar jirgin yana cewa a yi shiru. To alƙali dai bai tsaya kan matuƙi ba.

Malamin Lissafi: Barista, ai mamaci ba ya zuwa kotu. Ko gawarsa ba a samu ba.

Tsohon Bakanike: Ga na kusa da mu. Jirgi mai saukar ungulu da ya kashe Herbert Wigwe na bankin Access, da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo, tsohon shugaban kasuwar hannun jarin Najeriya, a Kalifoniya cikin Fabrairun 2024. Na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki. Matuƙin bai ɓoye ba, ya sanar da shugaban sashen gyara, aka taɓa, ba ta gyaru ba, aka tashi a haka, alhali dokar shata ta wajabta ta. Masu bincike na Amurka sun ɗora wa matuƙi laifin kutsawa cikin mummunan yanayi har ya rikice, sannan suka ce kamfanin ya yi sakaci wajen sa ido. Ka ga ya faɗa, amma faɗar ba ta tsayar da jirgi ba.

Malamin Lissafi: Ya faɗa, sannan ya hau ya tayar da inji. Baba, misalinka ni ya taimaka.

Uwar Biyu: Ya taimake ka da rabi. Kamfanin da ya san na'ura ta mutu ya bar jirgi ya fita, me sunansa?

Ɗan Tamaula: Baba, tambaya ɗaya. Ita na'urar gano hayaƙin nan tsada gare ta ne da ba a saka a jirgin Sala ba?

Tsohon Bakanike: Ina fa, ɗana. Akwai ta hannu mai batir da matuƙi zai saya da kuɗin aljihunsa ya maƙala a gabansa. Lokacin dai doka ba ta tilasta ba, shi ya sa masu binciken suka nemi a wajabta ta a ƙananan jirage masu injin fistan.

Malamin Lissafi: Da kuɗin aljihunsa, ka ce? To me ya hana Ibbotson saya?

Lauyan Unguwa: Abin da ya hana Henderson, mai karɓar kuɗin shata.