Daliget ko ƙato-bayan-ƙato: a ina ake sayar da kujerar?

Malamin Sakandare: Salamu alaikum jama'a. Maganar da muka faro jiya a wajen ɗaurin aure a Yelwa ba ta ƙare ba, ga ta na kawo nan. Ina kan bakana: duk gyaran dokar zaɓen da ya bar daliget, wato wakilan da ke zaɓar wa jam'iyya ɗan takara, a wurinsu, aikin baban giwa ne. A 2022 an yi zaɓen fidda gwani a watan Mayu, mu kuma ba mu ga akwati ba sai Fabrairun 2023. Wata tara ke nan da gama ciniki kafin a kira mu mu dangwala. A bar kowane ɗan jam'iyya ya yi layi bayan wanda yake so, ƙato-bayan-ƙato, mu ga mai kuɗin da zai saye Bauchi kaf.

Tsohon Kansila: Wa alaikumus salam Malam. Rabin maganarka gaskiya ce, kuma ni ganau ne. Na taɓa zama daliget. Ana gobe zaɓe aka kwashe mu a bas zuwa wani masauki a bayan gari, aka karɓe wayoyinmu aka zuba a baƙar leda. Shinkafa da kaza, lemo har ka ture. Wajen ƙarfe biyu na dare aka fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya, a miƙo ambulan, a ce ka yi rantsuwa. Wanda muka zaɓa da safe, ni kaina na san bai kama ƙafar ɗayan ba a ilimi ko a mutunci. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da na je gidansa bayan ya ci, kan maganar rijiyar burtsatse ta gundumarmu, yaronsa ne ya tare ni a ƙofa ya ce ai an sallame ku tun a wancan dare.

Malamin Sakandare: To Baba Kansila, ai kun gama min aikina.

Tsohon Kansila: Ban gama ba, saurara. Layin da kake magana, wa zai ƙirga shi?

Barista: Nan gizo ke saƙar. Malam, ka tuna 2018? APC ta yi wa Buhari ƙato-bayan-ƙato, shi kaɗai ke takara, aka ce ya sami ƙuri'a kusan miliyan 15 daga 'yan jam'iyya zalla. Da aka zo babban zaɓen 2019, da 'yan jam'iyya da waɗanda ba su taɓa riƙe kati ba, miliyan 15 da 'yan kai ya samu. Ka auna da kanka. Rajistar 'yan jam'iyya tana hannun shugabannin jam'iyya, su kuma suna hannun mai ba su kuɗin hayar ofis. Da daliget, mai kuɗi zai sayi mutum ɗari. Da layi, mutum uku kawai zai nema: mai rajista, mai ƙirga, mai rubuta sakamako. Har ma ka rage masa tsada.

Malamin Sakandare: Barista, da girmanka, wannan laifin ƙirga ne, ba laifin layi ba. A sa INEC ta riƙe rajistar, a kawo BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, wajen fidda gwani kamar yadda ake kawo ta ranar zaɓe. Majalisa ma ta taɓa amincewa da hakan a 2021, cewa kowace jam'iyya ta yi 'yar tinƙe, wato ƙato-bayan-ƙato, Buhari ne ya ƙi sa hannu a Disamba, aka dawo da zaɓi uku: layi, daliget ko maslaha. Kuma kowa ya san gwamnoni ba su so layin ba. Abin da gwamna ke gudu, ni ina sonsa.

Barista: Su ma 'yan majalisar ba don Allah suka so shi ba, tsoron gwamnoninsu ne. Kuma ka ga yadda ta kaya: dokar 2022 ta fito babu daliget na dindindin, wato masu riƙe da muƙamai da tsofaffinsu. Sai zaɓaɓɓun daliget kawai, uku a gunduma a PDP, biyar a APC. A 2022, a mazaɓa mai gunduma 20, mutum 60 ko 100 ne suka yanke wa dubban ɗaruruwa hukunci. Ban musa maka ɓarnar ba. Maganinka nake shakka.

Hajiya Mai Atamfa: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna ta otal da layi, kamar mu masu dangwalawa waliyyai ne. Ina Kasuwar Wunti, lokacin zaɓen 2023 da aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, cewa aka yi sayen ƙuri'a ya mutu. Ina! Dila-dila aka riƙa ɗaukar atamfa mai araha, ga taliya, ga sabulu, ga magi. Na ga mace da goyo ta tsaya tun hantsi don taliya biyu. Malam, ranar layinka ma ita za a ba taliyar, kuma a layi ba ta da damar ta karɓa ta zaɓi son ranta, don mai rabon yana tsaye yana kallon bayan wa ta tsaya.

Malamin Sakandare: Hajiya, wannan kam kin taɓa ni.

Kawu Mai Ritaya: Yaran nan, mu mun yi layin. Zamanin SDP da NRC gwamnati ce ta gina wa jam'iyyu ofis a ƙananan hukumomi, ita ke ba su kuɗi, har aka kai ga zaɓen 12 ga Yunin 1993. An sami miji da mata da suka ɓata saboda an ga kowa a layinsa. Amma kar ku raina mutanen jihar nan. A 2007 gwamnati da kuɗi suna hannun PDP, aka zaɓi Isa Yuguda a ANPP, Bala Mohammed, Ƙauran Bauchi, kuma ya kayar da gwamna Adamu Mu'azu a kujerar sanatan Bauchi ta Kudu. A 2019 an sake kayar da gwamna mai ci. In talakan Bauchi ya yi niyya, taliya ba ta tare shi.

Auta: Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma sai an kai sunan mutum kan takarda kafin talaka ya yi niyyar. An ce an rage mana shekaru a 2018, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar wakilai. Fom ɗin kujerar a APC naira miliyan 10 ne a 2022, na sanata miliyan 20, na shugaban ƙasa miliyan 100. Ko an yi wa matasa rangwame, ni da na gama jami'ar ATBU ina koyarwa a makarantar kuɗi, a ina zan samo? Kuma tsarin mulki bai yarda in tsaya ba jam'iyya ba.

Barista: Auta ya zo wajen. Sashe na 88 na dokar 2022 ya ƙayyade kuɗin kamfen: miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai, miliyan 100 ga sanata, miliyan 30 ga ɗan majalisar jiha, biliyan 1 ga gwamna. A waccan dokar, wanda ya wuce iyaka, tararsa kashi 1 cikin 100 na iyakar, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba. Lissafa: naira dubu 700 ga mai neman wakilai. Kuɗin man motocin rakiya na kwana nawa ne wannan? Sannan ambulan ɗin Baba Kansila ba ta da rasit. Kwamitin Mai Shari'a Uwais ya faɗa tun 2008: a kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe, a bar ɗan takara mai zaman kansa, a ƙara kujerun da za a raba bisa yawan ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu. Rahoton na nan yana shan ƙura.

Hajiya Mai Atamfa: Barista, a rahoton naku akwai mu? Sanata 109, mata huɗu kacal a majalisa ta goma. A Maris ɗin 2022 aka kai ƙudurin ware wa mata kujeru, suka yi fatali da shi. Mu ne cika layi, mu ne guɗa, mu ne anko.

Kawu Mai Ritaya: Ni kujerar tausayi ba ta kwanta min ba, Hajiya. Matan manya za a jera a kai.

Hajiya Mai Atamfa: Yanzu 'ya'yan wa ke kai, Kawu?

Auta: Wani abu kuma, ƙaramar hukumar Bauchi da duk yawanta wakili ɗaya gare ta a Abuja cikin 12 na jihar. Tun 1996 aka shata mazaɓun nan, ban ma zo duniya ba, alhali tsarin mulki ya ce a riƙa sake dubawa. Unguwanni nawa aka yi a hanyar Jos da hanyar Ningi tun lokacin?

Barista: Wannan sai da ƙidaya, ta ƙarshe kuwa 2006 ce. Kuma kujerun 360 ne ba ƙari, in aka ƙara wa wani sai an rage wa wani. Ka nemo ɗan majalisar da zai ɗaga hannu a soke kujerarsa.

Malamin Sakandare: Kun kai ni nesa. Na sauko daga layi a fili, saboda maganar Hajiya. Amma ban sauko daga cire daliget ba: kowane mai katin jam'iyya ya jefa ƙuri'a a asirce, INEC ta tantance shi da na'ura. Barista, ka kawo min aibin wannan.

Barista: Wa zai biya kuɗin? Jam'iyya ba ta samun tallafin gwamnati tun dokar 2010. Zaɓe a kowace gunduma, ga ma'aikata, ga tsaro, ga 'yan sara-suka da za a tare. Wanda ya biya, shi zai zo da mai ƙirga.

Tsohon Kansila: An kira magariba. Malam, katin jam'iyyar da kake ta faɗa, a gidan ciyaman ɗin gundumarmu na bar kwali biyu cike da shi, ba suna ba hoto. In kana so gobe in karɓo maka hamsin.