Jirgin wasan da na haɗa yana ɗaga kai sama, sai ya faɗo da hanci

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar nan a taimaka min.

A Argungu nake, sati biyu ke nan ina fama da wani ɗan jirgin wasa da ƙanena ya matsa min in haɗa masa, irin wanda ake cillawa da hannu ya yi shawagi babu inji. Gangar jikin busasshen karan dawa ne, tsawon santimita 30. Fukafukan na yanko su daga farar robar zuba abinci mai kama da soso, wutsiya kuma kwalin sabulu. Da farko super glue na sa, ya narkar da robar, yanzu da salatef nake ɗaurewa.

Da na cilla shi sai ya ɗaga kai sama, ya tsaya cak, sannan ya kifo da hanci ƙasa, ko taku huɗu bai yi ba. Na liƙa ƙaramar ƙusa a hancin, sai ya daina ɗagawa amma ya riƙa zubewa kamar dutse. Na cire ƙusar na manna cingam, matsalar farko ta dawo. A cikin zaure nake gwadawa saboda iskar hunturu, don haka ba laifin iska ba ne.

Idan na ɗora shi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fukafukai, sai can wajen bakin fiffike na baya yake tsayawa daidai.

A wane wuri a jikin fiffiken ya kamata nauyin ya daidaita kafin ya yi shawagi?