Neman kalma: me za mu kira "tenshan" na raket ɗin badmintin?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum jama'a. Mu 'yan Arewa masu buga badmintin a nan Legas mun fara yawa, daga Agege da Idi-Araba da Obalende, har da masu tasowa daga Mile 12 ranar Asabar su zo Surulere. Muna son rubuta ɗan bayani da Hausa saboda sababbin shiga: yadda za su zaɓi raket, da abin da za su faɗa wa mai ɗaura musu zare. Kalma uku ce ta tsayar da mu, raket da sitirin (zaren raket) da tenshan (yawan jan da aka yi wa zaren). Ta ukun ta fi damuna. Yaranmu suna cewa "ƙarfin zare", ni kuwa ban yarda da ita ba, don ita ke sa yaro ya je ya ce a ja masa zaren har fam 28 wai ƙarfi yake nema. Masana a taimaka.

Malamin Hausa a Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Bari in fara da mai sauƙin. Zare na tela ne, igiya ta guga ce, raga kuma kun riga kun ba wadda ake shatawa a tsakiyar fili. Abin da ake ja a ɗame a jikin itace don ya harba wani abu ko ya yi sauti, sunansa tsirkiya, wasu su ce tsarkiya. Ta baka tsirkiya ce, ta garaya da molo ma haka. Ku ɗauke ta, ba sai an yi wata ƙirƙira ba.

Mai Ɗaurin Surulere: Allah ya ƙara sani, Malam. Ni sana'ata ce, kuma tsirkiya ta zauna mini, don da ma da hanjin dabba ake yin ta raket kafin nailan ya zo. Ɗan Agege kuma ya yi gaskiya a kan "ƙarfi". In an ja tsirkiya ƙasa-ƙasa, kamar 18 zuwa 22, tana lotsawa in ƙwallon ya sauka, sai ta cillo shi, ita ta yi maka rabin aikin. Wurin da bugu ke daɗi a tsakiyar raket ɗin ma yana da faɗi, ko ka ɗan kauce ƙwallon zai tafi. In aka kai 27 ko 30, irin na manyan 'yan wasa, tsirkiyar ba ta lotsawa sosai. Ƙwallon na zuwa daidai inda ka nufa, amma nisan daga hannunka zai fito, wurin daɗin ya tsuke, kuskure kaɗan kusa da bakin raket ta tsinke. Wanda hannunsa bai nuna ba sai ka ga yana ta dukan ƙwallo ba ya kai ƙarshen fili, bayan mako biyu ya zo yana riƙe da gwiwar hannu. To ina ƙarfin yake?

Ɗan Agege: Shi ke nan abin da nake faɗa. To me za mu ce? Tauri?

Malamin Hausa a Idi-Araba: A'a ƙanena. Tauri na dutse ne da nama, hali ne na jikin abu. Tsirkiya ɗaya ce za a iya ja da yawa ko kaɗan, jikinta bai canja ba. Ku ajiye tsauri ma, za ku buƙace shi wajen sandar raket, don akwai mai tsauri akwai mai lanƙwasa.

Hajiyar Obalende: Ni dai abin da ke fitowa daga bakina shi ne ɗauri. "A yi mini ɗaurin 22." Kowa ya gane.

Bakanon Mile 12: Hajiya, ɗaurin 22 ai sai a zaci daga gaban alƙali kika fito.

Hajiyar Obalende: Allah ya kiyaye, Alhaji. To kai kawo naka mana.

Bakanon Mile 12: Nawa ɗamewa ne. Bahaushe na cewa igiya ta ɗame, ko ta yi sako-sako. Ga kalmar ga kishiyarta, kuma babu inda ta yi wa yaro alkawarin ƙarfi. Sannan ku daina cewa fam, don fam a kunnen irinmu kuɗi ne. Awon da Turawa ke rubutawa a jikin raket shi ne laba, wadda iyayenmu suka sani a sikelin gyaɗa da fata. Laba ɗaya ta kusa rabin kilo, gram 454, ke nan laba 22 kilo 10 ne.

Mai Ɗaurin Surulere: Alhaji ya kawo magana. Amma kada a jefar da ta Hajiya, don abu biyu ne a wurina. Ɗauri shi ne aikin: in kafa raket a inji, in zura na tsaye, in saƙa na kwance, in ƙulle. Ɗamewa ita ce lambar da na saita injin. Mutum na iya samun ɗauri mai kyau da ɗamewar da ba ta dace da shi ba. Kuma ɗamewa ba ta zama wuri ɗaya, tun daga ranar farko take raguwa. Shi ya sa za ku ga muna buga raket a tafin hannu muna kasa kunne: sabon ɗauri mai ɗamewa sosai ƙararsa siririya ce, wanda ya kwana biyu sai ka ji ta dushe.

A saka wannan a bayanin don Allah: kamfani na rubuta iyakar laba a jikin raket, kada a wuce ta. In na jabu ne da aka saya a kasuwa, ni ko 22 ina jin tsoron kai shi, don baki na iya karyewa a kan inji a ce ni na fasa. In tsirkiya ɗaya ta tsinke, a sa almakashi a yanke sauran nan take, in ba haka ba kan raket ɗin ya karkace. Mai son tsirkiya ta daɗe ya nemi mai kauri, irin BG65 ta kamfanin Yonex, milimita 0.70. Sirara irin 0.65 sun fi daɗin bugu da ƙara, amma aljihu ke biya.

Ɗalibar Yaba: Baba Malam, saura raket ɗin. Na ga wani ya rubuta matankaɗi, wani faifai.

Malamin Hausa a Idi-Araba: 'Yata, matankaɗi kama ce kawai, aikinsu ba ɗaya ba. Mabugi ya fi kusa, amma ya yi faɗi, ko sandar 'yan bugun shadda ta shiga ciki. Ni a bar raket. Mun karɓi keke da mota da kwamfuta ba mu rasa komai ba. Jam'insa raketoci, ya bi sahun tebur da teburori ba tare da gardama ba. Sassansa ne za mu ba namu suna: kai, baki, sanda, mariƙi.

Ɗalibar Yaba: To wanda nauyinsa ya fi yawa a sama fa? Mai nauyin kai?

Bakanon Mile 12: Kul! Mai nauyin kai shi ne wanda ake koya wa sabis wata guda bai iya ba. Ce mai rinjayen kai, ɗayan kuma mai rinjayen mariƙi, na tsakiya madaidaici. Mai rinjayen kai na masu son sara ƙwallo ƙasa ne, amma yana gajiyar da kafaɗa. Masu wasan bibbiyu a gaban raga sun fi son mai rinjayen mariƙi saboda saurin juyawa. Sabon shiga ya ɗauki madaidaici, 4U, wato gram 80 zuwa 84, sandar mai lanƙwasa. 3U ya ɗan fi nauyi, 85 zuwa 89.

Hajiyar Obalende: Matsalar ita ce yaran sun ga Anuoluwapo Opeyori, ɗan Legas ɗin nan da ya je gasar Olamfik ta Faris a 2024, kowa na son raket irin na gwanaye. Ba sa tambayar shekara nawa aka yi ana horo kafin hannu ya iya da shi.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai. Ga yadda zan rubuta: "Sabon shiga ya kai raket ɗinsa ɗauri, ya ce a sa masa tsirkiya mai kauri, ɗamewa laba 20 zuwa 22." Mai Ɗauri, in da ƙwallon roba ake bugawa maimakon na gashi, lambar ɗaya ce?

Mai Ɗaurin Surulere: Rage laba ɗaya ko biyu, na roba ya fi cin hannu. Shi ƙwallon ma ba mu ba shi suna ba, gashin tsuntsu 16 ne a jikinsa amma har yanzu shatul muke cewa. Malam, sai ka buɗe mana wannan gobe.