Ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe: wa ya taɓa yi a tsohon gida?

Baban Hanifa, Gusau:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka sa wa Inna tayil a ɗaki, da Disamba ta kama ba ta iya taka ƙasa da asuba, gwiwoyi duk su riƙe. Ƙanena da ke Turai ya ce a fasa daɓen a shimfiɗa abin ɗumi a ƙarƙashi. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Bazamfare a Manchesta:
Wa alaikumus salam, Yaya. Na yi a gidana, kuma tsohon gini ne. Iri biyu ne: bututun roba da ruwan ɗumi ke zagayawa a ciki, ko tabarmar waya mai aiki da lantarki. Na ruwa muka sa. Ruwan bai wuce digiri 35 zuwa 45 ba, saman daɓen kuma ba a so ya haura 29. Daɗi kam akwai, amma aikin ne jidali. Sai da aka kwashe kaya kaf, aka jera allunan da ke hana zafi nutsewa ƙasa, aka ɗora bututu, aka zuba siminti. Daɓe ya tashi, ƙofofi suka ƙi rufuwa, kafinta ya ciccire su ya rage musu gindi. Simintin kuma sai ya yi makonni yana bushewa kafin a kunna, in aka yi garaje ya tsattsage. Mu dai a nan rabin shekara muke cikin sanyi, shi ya sa muka jure.

Mai gyaran wuta, Kaura Namoda:
Alhaji, yi lissafi kafin ka kira birkila. Tabarmar wayar na cin wajen wat 150 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 3 da 4, wat 1,800 ke nan. Da asuba ake buƙatarta, lokacin ba rana, batirin sola ya yi ƙasa, ƙaramin janareta kuwa ba zai ɗauka ba. In waya ta tsinke a ciki, sai an sake fasa tayil.

Maman Sadiya, Talata Mafara:
Ai mu ma mun san irin wannan. Kakata gadon ƙasa gare ta mai rami a gindi, da magariba a zuba garwashi, har asuba gadon na da ɗumi. Amma ɗakinta na bunu ne, iska na shiga ta ko'ina. Ɗakin yanzu mai silin da tagar gilashi, don Allah kada a kai wa Inna kaskon gawayi. Maƙwabciyata ta kwana da shi ita da yara, da ƙyar aka tashe su, ga jiri ga amai. A asibiti aka ce iskar gawayi ce, ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutum.

Birkila, Tsafe:
Fasa daɓe ne abincina, Alhaji, amma ban ba ka shawara ba. Sanyin wata uku ne fa. Gidan yayata kafet mai kauri muka shimfiɗa da soso a ƙasansa, muka toshe gindin ƙofa da tsumma. Da Maris ta shigo aka naɗe, tayil ɗin da ake kuka da shi ya zama wurin kwanciyar rana.

Baban Hanifa, Gusau:
Allah ya saka da alheri. Malam, saura abu ɗaya: a ɗaki Inna ke alwalar asuba, kafet zai jiƙe.

Birkila, Tsafe:
Bar mata kusurwar bakin ƙofa ba kafet, a ajiye kujera 'yar tsugunno da silifas, ruwan ɗumi kuma a filas tun da dare.