Da Wace Hausa Za Mu Rubuta Mujallar Nan?

Edita: Salamu alaikum. Kafin mu kai fitowar farko wajen masu bugu, akwai maganar da nake so mu kashe a nan. Ɗan Zoo Road ya kawo hirarsa da wani mawaƙin gambarar zamani, Malam ya bi ta da jan biro, ya mayar da duk Ingausar da ke bakin yaron, wato gwamutsa Hausa da Turanci, zuwa Hausa zalla. Shi kuma Ɗan Zoo Road ya ce in haka za a riƙa yi, gara mu haƙura da mujallar, don a faɗarsa matashin Kano ba zai karanta daidaitacciyar Hausa a kan waƙa ba. Kowa ya faɗi nasa.

Ɗan Zoo Road: Wa alaikumus salam Anti. Ina nan kan bakana. Yaron nan ya ce min furodusa ne ya turo masa bit, ya hau kai, suka yi mikis, wato haɗa murya da kiɗa, a dare ɗaya. Da hirar ta dawo daga hannun Malam sai na ga an rubuta wai "mai tsara sauti ya aiko masa da amon kiɗa". Wallahi in yaron ya karanta ba zai gane kansa ba. Sai ka ce mai karanta labaran ƙarfe bakwai a gidan rediyo. Ku zo sitidiyo ɗaya a titin gidan Zoo ku zauna awa guda, ku gaya min in kun ji mutum ɗaya ya ce "mai tsara sauti".

Malam Mai Jan Biro: Ƙanena, abin da ake faɗa a sitidiyo iska ce ke kwashe shi, abin da aka buga a takarda kuwa yana nan. Mujalla makaranta ce ko ba ta so. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma da Hausa mai sauƙi ta ja talaka ya karanta, ba da gwamutsa harsuna ba. In muka buga rabin jimla Turanci rabi Hausa, yaron da ke aji biyu na sakandare zai ɗauka haka ake rubutu.

Ɗan Zoo Road: Allah gafarta Malam, tunda tarihi ka ɗauko, ni ma ga nawa. Sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa ya fara fitowa, nan Kano, ƙarshen shekarun 1990, tun ba a fara cewa Nollywood ba. Rabinsa Kano, rabinsa na Turawa. Yau har a jami'a da shi ake rubuta kundin digiri. Da kai ne mai gyaran rubutunsu a lokacin, da ka soke shi.

Malam Mai Jan Biro: Da na soke shi kuwa.

Mai Talla: Ni dai ta kasuwa nake dubawa. Masu shagunan waya na Farm Centre da masu ɗinki da za su ba mu talla, yara suke son su gani. In shafi ya yi kama da takardar jarrabawa, ba mai tsayawa.

'Yar BUK: Ku yi haƙuri, ina aji ne. Na karanta duka. Yaya da Malam, ina ganin abu biyu kuka haɗa kuke faɗa a kansu kamar ɗaya ne. Ƙa'idar rubutu daban, kalmomin da mutum ya zaɓa daban. Ƙa'ida ita ce ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, da raba kalma inda ya dace, a rubuta "ya ce" da "ni ne", a bambanta "a kan tebur" da "akan yi haka". Wannan ba ruwansa da tsufa ko yarinta. Kana iya rubuta maganar ɗan sitidiyo kaf yadda ya faɗe ta, furodusa da bit da mikis ɗinsa, kuma ba ka karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Hausa ta daɗe tana haɗiye baƙin kalmomi. Mota da tebur da asibiti duk daga Turanci suka zo, littafi da alƙalami daga Larabci, ba wanda yake musu kallon baƙi yanzu. Sharaɗin kawai a rubuta su yadda bakin Bahaushe ke furta su.

Abin da ni ba zan yarda da shi ba shi ne rubutun da na gani a asalin hirar, Yaya. Ka rubuta "xan xo" da "ngd" da "wlh", kuma ko ƙugiya ɗaya babu. Akwai wurin da ka ce baki sun cika wajen wasan, sai da na karanta sau biyu kafin na gane baƙi kake nufi.

Ɗan Zoo Road: A waya na buga, ƙanwata, cikin Adaidaita Sahu.

'Yar BUK: Gboard, allon rubutu na waya, yana da Hausa. Saka shi minti biyu ne.

Mai Talla: Amma fa ku sani, mai neman waƙa a YouTube ko TikTok ba ya saka ƙugiya. "Waka" yake bugawa. In muka sa sunan shafinmu da ƙugiya, wahalar samunmu za a yi.

Edita: Wannan na adireshin shafi ne, a bar shi ba ƙugiya. Cikin mujalla ake magana.

Malam Mai Jan Biro: 'Yata, na ji bayaninki, kuma rabinsa na karɓa. Amma mota da tebur sun shigo ne saboda ba mu da su. Kiɗa fa? Muna da shi tun kafin a haifi kakan mai fiyano. Don me yaro zai ce bit alhali ga kiɗa, ya ce korus alhali ga amshi? Manazarta waƙar baka a nan BUK, Jami'ar Bayero, sun daɗe suna amfani da gindin waƙa da ɗiyan waƙa, masu rubutacciya suna da baiti da ɗango da amsa-amo da kari. Rumbu cike, mu kuma muna bara a ƙofar maƙwabci.

Ɗan Zoo Road: Kiɗa da bit ba ɗaya ba ne a wajenmu, Malam. Makaɗan kalangu na Shata bin bakinsa suke yi, in ya ja su ja, in ya tsaya su jira. Bit kuwa an riga an gama shi a kwamfuta, mawaƙi ne zai lanƙwasa kalmominsa su zauna a kai. Shi ya sa za ka ji yaro ya ja wasalin da ba a ja, ko ya murɗe karin sautin kalma, don dai ta shiga. In na rubuta kiɗa a wurin, na ɓoye wa mai karatu yadda aka yi waƙar.

'Yar BUK: To ka ga wannan da ka faɗa yanzu, shi ya kamata ya kasance a shafinka, kuma da Hausa tsaf ka faɗe shi. Na duba sharhin waƙoƙi huɗun da aka tura min, na nanaye biyu, na gambara biyu. Duk abu ɗaya suke cewa: waƙar ta haɗu, ta yi wuta, tana tashe, mawaƙin ƙarshe ne. Ba wanda ya ce amshin ya fi baitocin ƙarfi, ko amsa-amon tilasta shi aka yi, ko an lulluɓe muryar da na'ura har ba a jin kalmomi. Ko da Hausar Imam aka rubuta wannan, ko da Ingausa, fanko ne. Ni a ganina ba harshen ne zai kori matasa ba, rashin abin faɗa ne. Yaran nan a majalisa suna musu a kan wa ya fi wa iya jera kalma har ƙarfe goma sha biyun dare. In mujalla ba ta kai majalisa zurfi ba, me zai sa su saya?

Malam Mai Jan Biro: Nan kam ba ni da ja.

Edita: Malam, tambaya ɗaya. A shafin tsofaffin makaɗa za mu kawo baitocin Narambaɗa. Bakinsa na ƙasar Sakkwato ne, "yaz zo" da "yat tafi". Za ka mayar da su Kananci?

Malam Mai Jan Biro: Subhanallahi, a'a. Ai sai karin ya karye, kuma amanar mai magana ce.

Edita: To yaron Zoo Road ma mai magana ne.

Malam Mai Jan Biro: Hajiya, kin yi min tarko. Amma Narambaɗa karin harshen Hausa yake yi, wancan kuwa fita yake daga harshen gaba ɗaya. Ban daidaita su ba. Na yarda a bar maganar mutum a hira yadda ya faɗe ta, in dai cikin alamar zance take. Muryar mujalla kuwa, kanun labari da gabatarwa da sharhi, ba zan sa hannu a jimlar da rabinta Turanci ne ba.

Ɗan Zoo Road: Furodusa fa? A sharhina?

Malam Mai Jan Biro: Furodusa da sitidiyo da bidiyo na bari. Korus ban bari ba.

Ɗan Zoo Road: Bit?

Malam Mai Jan Biro: Sai ka rubuto min bayanin nan da ka yi, shafi guda, mu buga shi a fitowar farko. In ya gamsar da ni a takarda, na bari.

Mai Talla: Ni fa maganar 'Yar BUK ce ta tsaya min a rai. Shafuka uku na talla mawaƙa ne da masu sitidiyo suka yi alkawarin saye. In muka fara rubuta cewa amsa-amon wane tilasta shi aka yi, wa zai je karɓo kuɗin? Ni?

Edita: Kai mana. Gobe bayan la'asar kowa ya zo ofis da sharhinsa, a sake rubutawa. Wannan ta talla kuma a can za mu yi ta, ba zan yi ta a waya ba.