Neman kalma: me za mu kira man da ake ɗiga wa sarƙar keke?

Mai Shirin Asabar: Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin matsi. Jibi Asabar zan gabatar da shiri na minti 20 a rediyo albarkacin Ranar Keke ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa 3 ga Yuni tun 2018. Tunda aka cire tallafin fetur a 2023 mutane da yawa sun kakkaɓo tsofaffin kekunansu daga bayan ɗaki, shi ya sa na ce bari mu taɓo kula da sarƙa. Takardar da nake fassarawa sai maimaita lubricant take yi, ta kuma raba shi gida biyu, wet da dry, ga wani wai degreaser. Na rubuta "man keke", na goge, na sake rubutawa. Edita na son rubutun gobe kafin a tafi masallacin Juma'a. A agaza.

Telar Unguwa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, goge "man keke" ɗin nan tun wuri. Ki aiki yaro kasuwa ya ce man keke, wallahi ɗan farin man nan na keken ɗinki za a miƙo masa. Namu ne wannan sunan, mun riga ku.

Tafinta: Man sarƙa. Gajere ne, bai buƙatar bayani.

Telar Unguwa: Sai Hajiya ta ɗauka na goge sarƙar gwal ɗinta ne.

Baba Mai Faci: 'Yata, shekarata ta arba'in ke nan a gindin bishiya ina gyaran keke, tun ana yayin Raleigh har Phoenix ta China ta cika gari. Ban taɓa jin wanda ya zo ya ce mini sarƙa ba, sai in ɗan makaranta ne. Cen muke cewa. Abin da ake zuba mata kuwa baƙin mai ne, wanda aka juye daga injin mota ko na babur, ana ajiye shi a gwangwani da ɗan tsinke. In ya yi kauri a sirka. Giris na cikin boris ne, ba na cen ba. Ki ce baƙin mai, kowa zai gane.

Ɗan Tsere: Baba, a gafarce ni, amma in ta ce baƙin mai a rediyo ta koya wa mutane abin da takardar ke hana su. Man da aka juye ya riga ya kwaso garin ƙarfe da baƙin hayaƙi daga inji. A shafa shi a sarƙa, a bi ta titin ƙasa, kafin la'asar ƙura ta manne. Mai da yashi in suka haɗu dutsen wasa wuƙa ne, su ke cin ƙusoshin da ke tsakanin gaɓoɓin. Abin da muke cewa sarƙa ta miƙe ba miƙewa ba ce, ƙusoshin ne suka cinye, sai kowace gaɓa ta sami ɗan wasa. Ana iya aunawa da tef ɗin tela. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, don haka gaɓoɓi 12 cikakku, kowace mai ƙusa biyu, su ne inci 12 cif a sabuwar sarƙa. In ta ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta ci haƙoran da take hawa a tayar baya, ko ka sa sabuwa tsalle za ta riƙa yi in ka danna feda.

Baba Mai Faci: Ɗana, ban ƙi taka ba. Amma mai kai ruwa da keke da mai tallan biredi ba za su sayi man kwalba ba alhali baƙin mai kyauta ne. Cen mai baƙin mai ta fi cen mai kuka.

Malamin Nahawu: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Baiwar Allah kalma ta nema. "Mai" ya yi faɗi: na gyaɗa mai ne, na shanu mai ne, fetur mai ne, na shafawa mai ne. Abin da ake so shi ne suna ga duk abin da aikinsa sa santsi tsakanin ƙarfe biyu masu gugar juna. Na daɗe ina ba da shawarar santsau. Daga santsi, a kan awon mantau da jimrau. Santsau na sarƙa, santsau na inji, santsau na ƙofa. Kalma ɗaya ta ɗauke mana nauyi, kuma babu ɗigon Turanci a cikinta.

Tafinta: Malam, mantau da jimrau daga aikatau suka fito, manta da jimre, kuma mutum suke siffantawa. Santsi suna ne. Sannan santsi a kunnen Bahaushe abin gudu ne, wurin da ake zamewa a karye. In dole sai an ƙirƙira, sulɓi ya fi kusa.

Telar Unguwa: Ni kuma a rediyo santi zan ji. A ce an kawo santsau, sai in ɗauko cokali.

Malamin Nahawu: Ku yi dariyarku. Ranar da aka fara cewa jirgin sama ma wani ya yi dariya, ya ce jirgi a ruwa yake. Matsalarmu ke nan, duk abin da ya fito daga bakinmu sai mu raina shi, amma cen da giris da boris mun rungume su kamar gadon kaka. Yau kin ce cen a rediyo, gobe jikanki bai san sarƙa ba.

Ɗan Tsere: To ai keken ma ana cewa daga Yarbanci muka aro shi. Mu koma dokin ƙarfe ke nan?

Tafinta: Jirgin sama ya zauna don an haɗa kalmomi biyu da kowa ya sani. Na'ura mai ƙwaƙwalwa fa? Shekara nawa ana tura ta, yara na cewa kwamfuta.

Ɗan Damagaram: Ku ƴan Najeriya kullum sai ku yi kamar Hausa a Kano ta tsaya. Mu nan takardunmu da Faransanci suke zuwa, lubrifiant ake rubutawa, kuma rediyonku na ƙetaro iyaka ba ya neman biza. In kuka ce cen, tsohuwa a Matamaye ba lalle ta gane ba. Sarƙa kuwa daga nan har Agadas an san ta. A wannan kaɗai ina bayan Malam. Santsau dai a bar shi a aji.

Malamin Nahawu: Na gode da rabin goyon baya.

Mai Shirin Asabar: Jama'a, don Allah. Ƙarfe goma ta wuce, har yanzu ban sami na wet da dry ba. Na gwada "jiƙaƙƙen mai" da "busasshen mai", na karanta da ƙarfi, ni kaina na yi dariya.

Ɗan Tsere: Bari in faɗi aikinsu, wataƙila suna ya fito. Na farkon mai kauri ne, yana zama da danshinsa a jikin sarƙa, ruwan sama da taɓo ba sa wanke shi da wuri, amma yana kama ƙura sosai. Na biyun ruwa-ruwa yake zuwa, abin da aka narka shi da shi ya bi iska, ya bar wani siririn kaki a ciki, irin na kyandir. Ba ya kama ƙura, amma ruwa ɗaya ya ishe shi, sai an sake ɗigawa. Wasu masu tsere ma narka kakin suke yi a tukunya su tsoma sarƙar gaba ɗaya. Mu da hazon hunturu ke rufe mu wata da watanni, na biyun ya fi mana amfani yawancin shekara. Kuma don Allah ki faɗa musu man fesawar nan WD-40 ba ya cikin lissafin nan. Na korar ruwa da kwance tsatsa ne, ba ya daɗewa. Man gyaɗa kuma danƙo yake zama, ga kiran tururuwa.

Baba Mai Faci: Au, duk wannan dogon Turancin ashe na damina da na rani ne.

Tafinta: Baba ya gama magana. Man damina, man rani. Ba fassarar kalma ba ce, amma ta fi ta asalin gaya wa mutum yaushe zai yi amfani da wanne.

Malamin Nahawu: Da sauƙi. Sai dai wanda ke bin fadama da rani, wurin lambu, na damina zai buƙata, kun ga sunan ya yi ƙarya. Kuma har yanzu ba ku ba ni uwar kalmar ba. Rana na nan da za a kawo muku takardar injin niƙa, ku dawo nemana.

Mai Shirin Asabar: Allah ya ja da ran Malam, in ranar ta zo zan nemo ka. Ga abin da na rubuta, a duba mini:

"Kafin ka sa wa sarƙar kekenka mai, wato cen, fara goge ta da tsumma. In dauɗa ta yi yawa, wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ka bari ta bushe sarai. Sannan ka ɗiga man sarƙa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, kana juya feda baya. Dakata kaɗan ya shiga ciki, sai ka goge na waje tas, don a ciki yake aiki, na waje ƙura kawai yake tarawa. Lokacin ruwa nemi man damina, lokacin ƙura man rani. In baƙin mai kaɗai gare ka, sa kaɗan, ka yawaita gogewa."

Degreaser ɗin na tsallake shi, kananzir kawai na ce.

Telar Unguwa: Ki ƙara cewa ban da fetur, yara na wanki da shi kusa da murhu.

Tafinta: Tsallakewa ba fassara ba ce, amma dare ya yi. "Mai cire maiƙo" zai yi in edita ya matsa.

Ɗan Damagaram: Sarƙa ta riga cen zuwa a jimlar, na yafe.

Malamin Nahawu: Ba laifi. Amma ki rage mini daƙiƙa goma a ƙarshe, ki ce wasu masana na kiransa santsau.

Mai Shirin Asabar: Masana nawa, Malam?

Malamin Nahawu: Ki dai ce wasu.