Kundin zuri'armu yana hannun Baffa, 'yan Kumasi kuma sun biya: in sa su ko in bar su?

Jikan Madugu: Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan ƙungiyar zumuncin zuri'armu a Kano. Kakan mahaifinmu madugu ne, fataucin goro yake yi zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Bara muka tsayar da shawarar buga salsalarmu a littafi, kowane gida ya ba da dubu goma, har da wani gida na Zangon Kumasi da muka daɗe muna zumunci da su. Su a wurinsu, madugu ya yi aure a Salaga, garin kasuwar goro ta Gwanja, ya haifi kakansu, da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin sai uwar ta yi kudu da yaron. Kundin ajamin da ke ɗauke da sunayen 'ya'yan madugu kuwa yana hannun Baffanmu. Ya ce babu sunan kakan nasu a ciki, ya hana kundin fita daga ɗakinsa, ko hoto bai yarda a ɗauka ba. Ya kuma ce in aka sa su, a cire gidansa. Mai ɗab'i yana jirana, taron kuma bayan Babbar Sallah ne. In sa su, in bar su, ko in mayar musu da kuɗinsu?

Na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ku kai kundin a kwafe shi a kwamfuta, kowa ya samu nasa, rigima ta ƙare. Namu naira ɗari biyu aka yi mana kowane shafi.

Ɗan Kurmi: Ɗari biyu a ina? Mu dubu ɗaya-ɗaya aka caje mu, ban da na malamin da ya mayar da ajamin boko. Kuma kada ku yarda a liƙa masa roba ko salatif, takardar da tawadar duka lalacewa suke yi.

Jikan Madugu: 'Yan'uwa, ai na ce ko hoto ya hana.

Bazazzagi: Kanawa ke nan. Ban taɓa ganin Bakanon da ya buga salsala ya tarar kakansa manomi ne ba. Daga madugu sai sharifi, sai wanda ya taso daga Bagadaza a kan doki.

Uwar Biyu: Ɗana, bari in gaya maka abin da aka yi mana, don kada ka zama mai riƙe wa wani alƙalami ya zalunci bayin Allah. Namu gidan sarauta ne, ba zan faɗi garin ba. Kakar mahaifina sa-ɗaka ce. Kowa ya sani, ba a taɓa ɓoyewa ba, kuma da mahaifina aka raba gadon gona. Da aka tashi buga littafi aka zo har gida aka karɓi dubu ashirin a hannuna, na ƙara da buhun shinkafa na ranar taro. Ranar ƙaddamarwa ina zaune da 'ya'yana muna buɗe shafi muna neman kanmu. 'Ya'yan matan aure an jera su har jikokin da ake goyo, kowa da hotonsa. Mu kuwa layi ɗaya aka yi mana a can ƙasa: da sauran 'ya'yan gida. Autata ce ta tambaye ni, Umma, mu bayi ne? A gaban mutane. Na samu shugaban kwamiti, wanda ƙanina ne a shekaru, ya ce haka ya gani a takardar dattawa, shi kwafa kawai ya yi. Na ce to kuɗina ma a takardar dattawan ka gan shi? Alhali shari'a ba ta bambanta ɗan ƙwarƙwara da ɗan matar aure ba, ɗa ne, yana gado daidai da kowa, sarakuna nawa aka yi a ƙasar nan da ƙwarƙwara ta haifa? An yi alkawarin gyarawa a bugu na biyu. Ma'aji ya ce asusu babu ko sisi. Tun daga nan ban sake taka taronsu ba, ko gaisuwar mutuwa sai in aika.

Maman Sadiƙ: Innalillahi. Hajiya, Allah ya bi miki haƙƙinki. Mu namu matan gaba ɗaya aka tsallake, wai 'ya'yan mace na wani gida ne. Amma ranar karo-karo ba a tsallake mu ba.

Likitan Dabbobi: A yi gwajin DNA mana. Namiji ɗaya daga Kano, ɗaya daga Kumasi. Akwai ƙwayar halittar da ke bin layin maza daga uba zuwa ɗa, za ta nuna ko tsatsonku ɗaya. Wani abokina ya ce bai kai dubu ɗari ba.

Ɗan Kurmi: Ninka uku tukuna, don waje ake aika shi, da dala ake lissafi.

Almajirin Zaure: Likita, ba a tabbatar da nasaba da yawu a kwalba. Manzon Allah (SAW) ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. A Malikiyya kuma ana karɓar shaidar ji wadda ta yaɗu tsakanin amintattu a kan nasaba. Idan iyayenku sun daɗe suna kiran waɗannan mutane 'yan'uwa, wannan ma hujja ce.

Likitan Dabbobi: Malam, yau ga ka gefe ɗaya da 'yan Kumasi, ni ma su nake nema wa hujja.

Almajirin Zaure: Hujjar da za ta iya tona asirin gidan da ba shi ake tuhuma ba. In sakamakon ya fito bai dace ba, wa za a ce, nasu ko naku? Ka tsaya kan shanunka.

Malamar Tarihi: Rashin suna a kundi bai kore komai ba. Irin waɗannan takardu sau da yawa wani ɗa ne yake rubuta su a gida, ya lissafa waɗanda ya sani. Ayarin Gwanja kuwa yakan kwashe watanni, wasu fatake su shekara a can, aure a zango ba baƙon abu ba ne. Shi kansa Alhassan Ɗantata ya yi zaman fatauci a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano goro ya koma biyowa ta Ikko, ayari ya mutu, gidaje da yawa suka yanke da juna. Kuna iya leƙa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ko cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, ita ma a Kaduna, amma rahotannin Turawa sun fi kula da hakimai da dagatai da haraji. Da ni ce, sai in buga su a shafi nasu, in rubuta cewa wannan riwayar gidan Kumasi ce, waccan ta kundi.

Uwar Biyu: Shafi nasu? Malama, ai abin da aka yi mana ke nan, an dai sa masa riga.

Malamar Tarihi: Hajiya, ba ɗaya ba ne. Ku babu mai musun nasabarku.

Uwar Biyu: Wanda bai zauna a kujerar nan ranar ba, ya bar ba ni labarin bambanci.

Ɗan Kurmi: Tsaya, Jikan Madugu. Madugun nan ya bar gida a cikin birni? An raba?

Jikan Madugu: Akwai gida kusa da kasuwar Kurmi, ba a raba ba. Baffa ne yake karɓar hayar shagunan gaba.

Bazazzagi: Allahu Akbar. Ashe ba gara ake jiye wa kundin ba.

Na Tudun Wada: Wallahi irin namu. Kawunmu ya fi shekara ashirin yana karɓar hayar gidan gado, in ka tambaya ya ce gyaran soro ya cinye. Soron nan har yau yoyo yake. Mun kai wa mai unguwa, ya ce a yi haƙuri dattijo ne. Akwai wanda ya san ko alƙali zai saurari ƙara in magada biyu kawai suka sa hannu, sauran suna tsoron a ce sun kai babba kotu?

Maman Sadiƙ: Mu mace ɗaya ce ta shigar, aka kira kowa. Sai dai shekara uku ana ɗagawa, kuma da aka sayar, dillali da lauya suka fi wasu magadan samu.

Jikan Madugu: To ni dai mai ɗab'i ya sake kira ɗazu, ya ce takarda ta tashi, in ban kai ranar Litinin ba sai na ƙara dubu arba'in.

Ɗan Kurmi: Wane mai ɗab'i ne wannan? Kwafi nawa za ku buga?